Rigar da Na Sa Inna Ta Raba Gabanta

Inna ba ta taɓa yanka riga da takarda ba sai a shekarar da nake aji huɗu na sakandare. Kafin nan da ido take yanka. Mace za ta shigo gidanmu na Fagge da atamfarta a leda, ta zauna bakin tabarma ana gaisawa, Inna tana amsawa tana ƙare mata kallo daga kafaɗa zuwa ƙugu. In ta ga dama ta ɗauko tef ta gwada tsawon hannu, in ba ta ga dama ba ta ce, "Je ki, ki dawo jibi." Kuma in jibin ta yi, rigar za ta zauna wa mai ita daram. Keken ɗinkinta baƙi ne na takawa, yana rumfar ƙofar ɗakinta, inda hasken hantsi ke sauka. Da ƙararsa muka tashi, ni da ƙannena mata biyu. Ni ce 'yar fari, don haka Inna ba ta kama sunana. "Ke" take ce mini, in kuma tana cikin raha ta ce "'yar boko".

Zare da allura da zif duk a wurin Madam muke saye, a layin masu kayan ɗinki na Kasuwar Sabon Gari. Madam Ibo ce, Kirista, amma a Kano aka haife ta, kuma in tana Hausa a bayan labule ba za ka ce ba Bakanuwa ba ce. Farkon aurenta ita da mijinta sun yi haya a lungunmu, daidai lokacin da aka kawo Inna amarya, nan suka ƙulla. Ko bayan sun koma Sabon Gari zumuncin bai yanke ba. Da Sallah ni ke kai musu tuwo da nama, da Kirsimeti ita da kanta take zuwa da shinkafa da cincin. Inna na ce mata Madam kamar yadda kowa ke faɗa a kasuwa, ita kuma tana ce wa Inna "ƙawata". Mu yara Mama muke ce mata, babbar 'yarta kuma, wadda ke aikin jinya, muna ce mata Anti.

Wata Asabar da hantsi, farkon hutun makaranta, lokacin zafin nan na gab da faɗuwar damina, Madam ta yi sallama ta shigo da ƙunshi biyu. Ta sha ruwan randa, ta goge tabaraunta mai kauri da bakin zani, sannan ta ce an sa ranar auren Anti, saura wata ɗaya da 'yan kwanaki. Inna ta rangaɗa guɗa har maƙwabta suka leƙo. Da hayaniya ta lafa, Madam ta kwance ƙunshin farko. Yadi ne ruwan zuma, mai nauyi da ɗan sheƙi, in ka taɓa shi sai ka ji sanyi. Ta ce yayanta ne ya kawo mata daga Kudu, ta zaga kasuwa kaf ba ta ga irinsa ba. Farar rigar ɗaurin aure an riga an tanada. Wannan kuwa ta washegari ce, Lahadin da amarya da ango za su je coci yin godiya.

Ƙunshi na biyu wani tsohon ambulan ne da gefensa ya fara cinyewa. A bayansa an zana Turawa mata biyu, dogaye sirara, sanye da doguwar riga mai dogon hannu, ta kama ƙugu ta buɗe a ƙasa.

"Fatan ake ce masa," in ji Madam. "Takardar yankan riga ce. Tun yarinyar nan tana goye na saye shi a wani babban kanti, na ce ranar aurenta da hannuna zan ɗinka mata. To ga ranar ta zo, ido ya ƙi. Ko zare ba na iya zurawa a allura yanzu."

Inna ta karɓa ta juya shi gaba da baya. "Ai na ga hoton, Madam. Bar mini yadin kawai, zan fitar miki da ita."

"A'a, ƙawata. Da haka nake so da na kai wa teloli, su ma wurgi za su yi da takardar su yanka son ransu. Ni ita nake so a bi, layi bayan layi."

"Ni da ban yi boko ba, ina zan ji abin da take cewa?"

Madam ta nuna ni da haɓa. "Ga mai karanta miki nan."

Na ji kaina ya yi girma a ranar. Inna kuwa na san abin bai kwanta mata ba, amma ba za ta iya ce wa Madam a'a ba. Ta ce, "Allah Ya ba mu iko."

Da Madam ta tafi muka buɗe ambulan ɗin. Takardun ciki sirara ne kamar ɓawon albasa, an linke su an sake linkewa, ga layuka da lambobi da kibiyoyi ko'ina. Sai wata farar takarda mai faɗi ɗauke da bayani da ƙananan zane-zane. Muka shimfiɗa su a tsakar ɗakin Inna, har kan gado. Ba wuta a lokacin, mun kuma manta an bar fanka a kunne. Muna cikin jera su aka kawo wuta. Kafin mu ankara takardun sun tashi sama, ɗaya ta maƙale a jerin kwanukan Inna, ɗaya ta fice ta ƙofa ta nufi bakin rijiya, ƙannena suka bi ta da gudu suna ihu, Inna tana faɗin, "A hankali! Kada ku yaga wa mutane amana!" Da ƙyar muka tattaro su. Tun daga ranar ba a buɗe takardar sai an kashe fanka, an kuma danne kowace da gwangwanin madara ko kofin shayi. Haka muka yi ta aikin cikin zufa.

Anti ta zo awo washegari, ta biyo daga wurin aiki da fararen kayanta. Na karanta jadawalin da ke bayan ambulan, Inna ta zagaya mata tef. Ƙirjinta da ƙugunta suka dace da lamba ɗaya, kwankwasonta ya tafi lamba ta gaba.

"Ka ji," in ji Inna. "Mai takardar nan bai taɓa ganin matan ƙasar nan ba."

Anti ta yi dariya har tana riƙe ciki. Amma na lura da ta kalli hoton Turawan nan sai ta ɗan taɓe baki, ta kau da kai.

Kwanakin farko musu ne tsakanin Inna da takarda, ni kuma ina tsakiya. Na karanta cewa a jiƙa yadi a shanya a goge kafin a sa almakashi, ta ce ita ba ta taɓa wanke sabon kayan mutane ba, amma ta yi. Na karanta cewa doguwar kibiyar da ke kan kowace takarda sai ta bi tsawon yadi, ta ce wannan ɓarnar yadi ce, in aka juya ta a kaikaice za a sami ragowa, amma ta bi. Da na zo inda aka ce a bar biyar bisa takwas na inci a bakin kowane ɗinki, ta ajiye alli ta dube ni.

"Biyar bisa me?"

Na nuna mata a jikin tef. Ta ɗora babban yatsanta a wurin, faɗinsa ya rufe shi cif.

"To su ce faɗin yatsa mana. Sai sun wahalar da mutane?"

Duk da haka, in maƙwabta suka shigo kallo, sai in ji tana ce musu, "'Yar boko ce ke fassara mini. Ba abin da ke gagarar ta a ciki." Wannan yabon ne ya ja mini. Turancin takardar ba irin na ajinmu ba ne. Kalmomi da yawa na san su a littafi, amma a nan wata ma'ana suke ɗauke da ita. Baba, wanda ya yi aikin akawu kafin ya yi ritaya, ya ara mini tsohon ƙamus ɗinsa, sai dai ina jin kunyar buɗe shi a gaban Inna. In na ci karo da abin da ban gane ba, sai in dubi zane in yi cinta. Sau da yawa cintar tana dacewa.

Ranar yanka, Inna ta yi wanka ta ci abinci da wuri, ta kori ƙannena gidan Gwaggo. Ta wasa almakashi, ta yi bismilla. Muka linka yadi biyu a kan sabuwar tabarma, muka kafe takardun da fil. Bayan riga aka fara yankawa, gida biyu, saboda zif zai shiga tsakiya. Aka yanka hannuwa. Sai aka zo kan gaban riga, daga wuya zuwa ƙugu. A gefensa miƙaƙƙe akwai wata kibiya mai lanƙwasassun kai biyu, da ɗan gajeren rubutu a jikinta. Na karanta, ban gane ba. Na ce a raina ai irin kibiyar tsawon yadi ce.

Inna ta tsaya da almakashi a hannu. "Ke, shi ma gaban biyu za a raba shi? Ni dai ban taɓa ganin an tsaga gaban riga ba sai in maɓalli za a sa."

"Haka suka ce, Inna. Kamar na bayan."

"Kin tabbata?"

"Na tabbata."

Ta ƙara kallon takardar, ta kalle ni. Sai ta ce, "To, tunda an ce a bi ta." Har yau ina jin ƙarar almakashin nan yana cin yadin.

Sai washegari na gano. Inna tana kicin, ni ina duba farar takardar don in shirya abin da zan karanta mata. A zane na uku ga gaban riga nan a shimfiɗe, guda ɗaya, ba tsaga ba ɗinki. Na ɗauko ƙamus ɗin Baba na duba. Rubutun cewa yake a ɗora wannan gefen a kan ninkin yadi, kada a yanka shi, yadda in an buɗe zai fito falle ɗaya. Abin da Inna ta sani tun kafin a haife ni ke nan, na sa ta ta saɓa.

Na kasa cin abincin rana. Na yi tunanin in yi shiru har ta gano da kanta, na yi tunanin in ce takardar ce ta yage a wurin. Bayan ta idar da sallar azahar tana zaune a kan sallaya, na durƙusa a gefenta na faɗa mata, ina magana ina kuka.

Ba ta yi mini faɗa ba, kuma da ta yi da ya fi mini sauƙi. Ta tashi ta ɗauko ɓangarorin biyu ta haɗa bakinsu. In aka ɗinke su haka, ƙirjin zai matse, ga kuma tabon ɗinki a tsakiyar rigar amarya. Ta zazzage ragowar yadin ta juya shi ta kowace fuska. Ba inda sabon gaba zai fita. Sai ta linke komai ta sa a leda.

"Ɗauko mayafinki."

Inna ba mai yawan fita ba ce, sai biki ko gaisuwa ko asibiti. Ta leƙa zaure ta gaya wa Baba, ya ce a dawo lafiya. Daga gidanmu zuwa kasuwa ba nisa, a ƙafa muka tafi, rana tana dukan mu. Muka tsallaka titi, muka kutsa ta cikin masu baro da masu kayan miya da masu rediyo da kowa ya ƙure nasa, har muka kai layin zare. Tana gaba ina baya.

Madam na zaune a kan benci tana fifita da kwali. Ganin Inna a kasuwa ya sa ta miƙe tsaye. "Ƙawata! Lafiya?"

Inna ta zauna, suka gaisa a gaggauce, ta fito da yadin ta ɗora mata a cinya. "Madam, na yi miki ɓarna. Na raba gaban rigar nan."

Ta tsaya a nan, ba ta ambace ni ba. Na ji kamar in nutse. Na ce, "Mama, ba laifin Inna ba ne. Ta tambaye ni har sau biyu. Ni ce ban gane rubutun ba na ce na gane."

Madam ba ta dube ni ba. Ta bi bakin yankan da yatsunta daga sama har ƙasa, ta ɗaga shi kusa da tabaraunta. Fuskarta ta canja, na ga ranta ya ɓaci sosai. Ta ce a hankali, kamar da kanta take, "Shekara nawa ina ɓoye takardar nan daga gara da ɓera." Wata mata ta zo sayen zif, ta tashi ta sallame ta, ta dawo ta zauna. Wani ya zo neman allurar keke, shi ma ta sallame shi. Mu dai muna zaune. Can ta ja dogon numfashi ta ce mini, "Hau kan bencin nan ki sauko mini da kwalin da ke can sama."

Kwalin cike yake da sirara-siraran leshi na ado, irin wanda ake bi bakin riga da shi, a nannaɗe a jikin kwali. Suka zube su, ita tana shafawa da hannu, Inna tana ɗora su a kan yadin tana matsawa baya tana kallo. Fari ya yi haske da yawa, mai ruwan gwal ya yi kauri. Daga ƙarshe suka tsaya a kan wani ruwan madara mai faɗin yatsa uku. Inna ta ce za ta yanko siririn ƙyalle daga ragowar yadin ta shimfiɗa a ƙarƙashinsa, ta haɗa ɓangarorin biyu da shi, abin da ɗinki zai cinye ya dawo. Madam ta ce a jera ƙananan maɓallai a tsakiya, a lulluɓe su da yadin, kowa zai ɗauka haka aka tsara. Suna magana muryoyinsu suna sakewa, har na ji Inna ta yi 'yar dariya.

Da za mu tafi ne Madam ta kamo hannuna. "'Yata, ni na san karatun takardar nan, ido ne kawai ba ni da shi. Me ya hana ki zo ki tambaye ni?"

Na sunkuyar da kai.

"To daga gobe ni zan riƙa zuwa."

Haka kuwa aka yi. Kullum bayan azahar sai ta bar wa ƙanwar mijinta rumfa, ta zo gidanmu da lemarta. Ta zauna a kujerar tsugunno kusa da keke, in karanto layi da Turanci da ƙarfi, ta gyara mini lafazi, ta mayar wa Inna da Hausa, Inna ta taka keke. Wani lokaci su yi ta gardama a kan layi ɗaya har la'asar, aikin ya tsaya, hira ta ɓalle zuwa zamanin da suke amare a lungun nan, wa ya rasu, wa ya tashi, shekarar da ruwa ya shiga ɗakuna suka kwashe kwanuka a ka. A nan na fara jin cewa ranar da za a haife ni Baba ba ya gari, Madam ce ta nemo mota ta kai Inna asibiti. Ba wanda ya taɓa gaya mini. Kwanakin nan su ne suka fi tsaya mini a rai in na tuna gidanmu: ƙamshin gyaɗar da Madam ke ɓarewa, zaren da ke manne a zanin kowa, hadari yana haɗowa ta gabas muna rige-rigen kwashe takardu.

Hannun rigar ne ya fi ba Inna wuya. Kan hannun ya fi ramin da zai shiga faɗi, ta ce kuskure ne, za ta rage. Madam ta ce kada ta kuskura. Takarda ta ce a bi kan hannun da dogon ɗinki layi biyu, a ja zaren a hankali har ya lanƙwasa, a haɗa ƙananan alamomin da aka tsaga da na jikin riga. Inna ta ɗinka ta farke, ta sake ɗinkawa ta farke. A karo na uku hannun ya zauna, ya yi tudu mai kyau a kafaɗa ba tare da tattara ko ɗaya ba. Ta ɗaga shi sama ta daɗe tana kallo.

"Wannan kam," ta ce, "mai takardar nan ya san abin da yake yi."

Wuyan rigar su biyun suka yarda a ɗaga shi da yatsa biyu, Madam ta ce ba za a shiga coci da ƙirji a waje ba. Maɓallan kuma ni aka ba. Guda goma sha takwas, kowanne bai fi ƙwayar gujjiya ba. In yanka ɗan da'irar ƙyalle, in bi bakinsa da allura, in ja ya rufe maɓallin. Kwana uku na yi a kansu, yatsuna duk suka huje. Inna ta duba su ɗaya bayan ɗaya, ta mayar mini da huɗu na sake.

Ranar gwaji Anti ta shiga ɗakin Inna ta sa, ni na ja mata zif. Ta tsaya gaban madubin jikin kabad ta juya hagu ta juya dama, ƙasan rigar yana bin ta. Ta shafa jerin maɓallan, ta rage murya ta ce mini, "Kada ki gaya wa Mama. Tun ina yarinya take nuna mini hoton nan, ni kuwa ban taɓa son sa ba, gaban ya yi fili kamar allo. Wa ya kawo dabarar leshin nan?"

Na ce, "Dogon labari ne, Anti."

Da ta fito tsakar gida, Inna ta durƙusa da fil a baki tana daidaita kalmasa. Madam ta taso ta matso har hancinta na kusan taɓa yadin. Ta bi kafaɗa da hannu, ta bi ƙugu, ta ƙirga maɓallan da yatsa. Sai ta cire tabarau ta juya mana baya tana goge ido. Ta yi wata magana da harshensu, Anti ta rungume ta. Inna ta ce, "Haba Madam, kada ki jiƙa mini aiki, ban goge ba tukuna."

Ba mu je cocin ba, amma Baba ya bar mu muka je gidansu da yamma ranar Lahadin. An kafa rumfa a kan layi, ana kiɗa, mata sun sha manyan ɗaurin kai. An ware mana tabarma a ɗakin Madam, da abincin da ta ce mahaucin Fagge ne ya yanka ragon, don hankalinmu ya kwanta. Ta taga na hango Anti tana rawa a tsakiyar dangin mijinta, rigar tana ɗaukar hasken yamma. Mata suka yi ta shigowa suna tambayar wane tela ne, Madam tana jawo su tana nuna Inna. Inna ta ja mayafi ta rufe baki, ta rasa inda za ta sa kanta. A hanyar komawa gida ta ce mini wai kalmasar baya ta ɗan fi ta gaba sauka, ita kaɗai ta gani.

Madam ta ce Inna ta riƙe takardar, ta gama mata amfani. Inna ta sa aka samo mata takardar buhun siminti, muka kakkaɓe muka goge, ta kwafe kowane ɓangare a kai don ya yi ƙarko. Da Sallar shekarar ni da ƙannena da irin rigar muka fita, ta atamfa, an ƙara mata tsawo har idon sawu. Daga nan 'yan matan unguwa suka yi ta zuwa. Ba ta daina yanka da ido ba, amma duk rigar da za a sa wa dogon hannu sai ta ɗauko takardar simintin nan.

Bayan wasu shekaru, ina shekarar ƙarshe a kwalejin horon malamai, mijin Madam ya ajiye aiki ya ce gida Kudu za su koma. An yi mata aikin ido ɗaya a lokacin, tana gani dama-dama. Ita ba ta so tafiyar ba. Ta ce wa Inna, "Can ɗin ban san kowa ba sai a biki. Ni ina zan sami mai yi mini Hausa?" Inna ta kwana biyu tana haɗa mata tsaraba, dambun nama da kuka da daddawa da yaji, ta ɗinka mata riga da zani na atamfa.

Ranar tafiyar da safe muka raka su tashar manyan motocin Kudu a Sabon Gari. Ana ta loda kaya, masu burodi suna zagayawa, su biyu suka sami gefen wani benci suka zauna. Na zaci za su yi ta magana, amma ba su ce wani abin kirki ba. Madam ta ce Inna ta rage zama a kan keke saboda bayanta. Inna ta ce ta riƙa ɗiga maganin idonta a kan lokaci. Suka yafi juna. Da kwandasta ya fara kira, Madam ta hau ta zauna a bakin taga, ta ɗaga mana hannu tana kallon wani gefe da ba nan muke tsaye ba. Inna ta matsa har jikin motar ta buga ƙarfen da tafin hannu, ta ce, "Ga mu nan, Madam, ga mu nan!" Sai ta juyo ta gan mu, ta yi dariya.

Muka tsaya har motar ta fita ta sha kwana. Na ce wa Inna mu hau tasi, rana ta fara zafi. Ta ce a'a, ƙafarta lafiya lau. Muka taka a hankali har Fagge, ta tsaya a hanya ta sayi alayyafo da tumatir. Da muka isa gida ta cire mayafi, ta ɗora tukunya, ta ce in zo in yanka mata albasa.